Tura hotuna da fayiloli zuwa kwamfutar hannu: Abin da ya kamata a sani

A titin Beirut da kewayen kasuwar Sabon Gari, a ƙaramar hukumar Fagge ta birnin Kano, akwai wata sana'a da hajarta ba ta taɓuwa da hannu.

Matasa ne ke zaune gaban kwamfuta, suna tura wa jama'a fina-finai, da karatun malamai, da littattafai, da hotuna zuwa wayoyinsu na salula da kwamfutocinsu na hannu, ana biyansu. Jama'a na kiransu 'yan dawunlodin.

Mafi yawan abin da suke yi, mutum zai iya yi da kansa a gida. Sai dai kuma rashin sanin yadda ake yi kan jawo asarar hotunan da ba su da madadi, ko kuma ya sa sirrin iyali ya faɗa hannun da bai kamata ba.

To ko ta waɗanne hanyoyi ne ake ɗebo fayil daga kwamfuta zuwa kwamfutar hannu, wadda ake kira tablet, kuma ina haɗarin yake?

Daga kaset zuwa memori

Kwafar sauti da hoto ana sayarwa tsohuwar sana'a ce a Kano.

Tun kafin zuwan wayar salula, 'yan kasuwar Ƙofar Wambai da na yankin Bata, daura da kasuwar Sabon Gari, sun shahara wajen kwafar kaset na karatun Alƙur'ani, da wa'azi, da waƙoƙi, da fina-finan Indiya.

Wani masanin halayyar ɗan Adam, Brian Larkin, wanda ya yi bincike a Kano, ya nuna cewa hanyoyin da waɗannan 'yan kasuwa suka shimfiɗa na kwafa da rarraba kaset, su ne fina-finan Hausa suka bi suka isa hannun jama'a. Fim ɗin Turmin Danya, wanda ake ɗauka a matsayin mafarin wannan harka, ya fito ne a shekarar 1990.

Daga kaset aka koma faifan CD. A watan Agustan 2001 kuma, kamfanonin MTN da Econet suka fara aikin wayar salula a Najeriya, kamfanin Glo ya biyo baya a 2003.

Ba a daɗe ba wayoyi masu katin memori suka cika gari. Abin da a da sai an sayi faifai, ya koma ana zuba shi a cikin wani ɗan kati da bai kai farcen babban yatsa ba.

Kwamfutar hannu ta shigo ne daga baya. Kamfanin Apple ya fitar da iPad a 2010, kuma a cikin shekarar ce kamfanin Samsung ya fitar da tasa mai suna Galaxy Tab. A 2013 gwamnatin jihar Osun ta fara raba wa ɗaliban sakandare irin waɗannan na'urori ɗauke da littattafan karatu, a wani shiri da ta kira Opon Imo.

Masu buƙata

Abin da ya bambanta kwamfutar hannu da waya shi ne faɗin fuskarta, kuma shi ne dalilin da ya sa ta samu karɓuwa a wasu sana'o'i.

Ɗan kasuwar Kantin Kwari zai iya nuna wa mai saye zanen atamfa ko leshi ba tare da ya warware bandir ba. Tela na nuna samfurin ɗinki da aikin wuya. Mai ɗaukar hoton biki yana nuna wa ango da dangin amarya aikinsa kafin a wanke.

Ga malamai da ɗaliban ilmi kuwa, na'urar ta zama ɗakin karatu na tafi-da-gidanka. Littattafan fiƙihu da hadisi da a da sai an tanadar musu kabad guda, yanzu suna shiga cikin kati ɗaya, tare da tafsirin malamai irin su marigayi Sheikh Abubakar Mahmud Gumi da marigayi Sheikh Ja'afar Mahmud Adam.

Galibin waɗannan abubuwa a kan babbar kwamfuta ake tara su ko ake gyara su. Don haka dole a san yadda za a ɗebo su.

Ana iya tambaya, me ya hana a sauko da komai daga intanet kai tsaye? Amsar ita ce kuɗi. A watan Janairun 2025, Hukumar Sadarwa ta Najeriya, NCC, ta amince wa kamfanonin waya su ƙara kuɗin kira da na data har zuwa kashi 50 cikin ɗari.

Fayil ɗin da aka tura ta igiya ko ta kati ba ya cin data ko kaɗan. Wannan shi ne ginshiƙin sana'ar masu turawa: mutum ɗaya ya sauke, ɗaruruwa su kwafa.

Hanyar igiya

Hanya mafi inganci ita ce haɗa na'urorin biyu da igiyar USB, wato irin wadda ake caji da ita.

Idan kwamfutar hannun mai amfani da manhajar Android ce, kamar na kamfanonin Samsung da Lenovo da Tecno da Itel, ana soka kai ɗaya na igiyar a jikinta, ɗayan kuma a jikin kwamfuta.

A nan ne mutane da dama ke tsayawa, saboda sai na'urar ta fara caji amma kwamfutar ba ta nuna komai ba. Dalili shi ne, tun daga Android 6 da ya fito a 2015, an tsara na'urar ta ɗauka cewa caji kawai ake so, sai mai ita ya ba da izini.

Don haka sai a buɗe makullin fuskar na'urar, a jawo sanarwar da ta fito daga sama, a zaɓi tura fayil. Daga nan sunan na'urar zai bayyana a kan kwamfuta kamar wata ma'ajiya.

An yi wannan tsari ne domin kariya. Ba don shi ba, duk wanda ya tsinci na'urar mutum zai iya kwashe abin da ke ciki ta hanyar soka igiya kawai.

Idan an yi haka kuma ba a ga komai ba, mai yiwuwa laifin igiyar ne. Wasu igiyoyi masu araha wayoyin wuta kawai ke cikinsu, babu na ɗaukar bayanai, kuma ido ba ya iya bambance su. Magani shi ne a gwada wata.

Bayan na'urar ta bayyana, za a ga manyan jakunkuna a cikinta. Wadda aka rubuta wa DCIM ita ce ma'ajiyar hotunan da na'urar ta ɗauka da kanta. Hotunan da aka kawo daga waje sun fi dacewa da Pictures, sauti kuma da Music. Mutum na iya buɗe sabuwar jaka ya sa mata sunan da ya ga dama.

Masu gyaran kwamfuta na jan hankali kan abu guda a nan: a riƙa kwafa, kada a yanko. Wanda ya kwafa, asalin fayil ɗinsa na nan a kan kwamfuta ko da an samu matsala. Wanda ya yanko kuwa, yana goge asalin ne yayin da aikin ke tafiya, kuma idan wuta ta ɗauke ko igiya ta motsa a tsakiya, sai ya rasa gane abin da ya isa da abin da bai isa ba.

Ta fuskar sauri, ko da tsohon samfurin USB 2 na shekarar 2000 ne, gigabayit ɗaya ba ya wuce minti ɗaya ko biyu. Gigabayit ɗaya kuwa na ɗaukar hotunan waya tsakanin 200 zuwa 500, gwargwadon girmansu.

Bakin igiyar ma ya sauya. Sababbin na'urori na zuwa ne da USB-C, wanda ake iya sokawa ta kowace fuska. Tun daga ranar 28 ga Disambar 2024, dokar Tarayyar Turai ta wajabta wannan baki a kan sababbin wayoyi da kwamfutocin hannu da ake sayarwa a ƙasashenta, lamarin da ke shafar irin kayan da ke isowa kasuwannin Afirka.

Katin memori da filash

Hanya ta biyu ita ce a zuba fayilolin a katin memori, sannan a mayar da katin cikin kwamfutar hannu. Ita ce masu turawa suka fi so, domin ba sai mai na'ura ya bar na'urarsa a shago ba.

Haka nan ana iya amfani da filash, ta hanyar wani ɗan mahaɗi da ake kira OTG. Akwai ma filash masu kai biyu, ɗaya na kwamfuta, ɗaya na waya ko kwamfutar hannu.

Akwai abubuwa biyu da ke rikita masu amfani da kati.

Na farko, katin da bai wuce gigabayit 32 ba yakan zo ne da wani tsohon tsarin ajiya mai suna FAT32, wanda ba ya karɓar fayil guda da ya haura gigabayit 4. Shi ya sa bidiyon biki mai tsawo kan ƙi shiga, alhali katin na da sauran wuri. Manyan katuna na zuwa da tsarin exFAT, wanda ba shi da wannan iyaka. Ana iya sauya tsarin kati, amma yin hakan na goge duk abin da ke cikinsa.

Na biyu shi ne jabun kati. Masu yin sa kan ɗauki ƙaramin kati su sauya bayanan da yake bai wa kwamfuta, ta yadda mai gigabayit 8 zai riƙa nuna cewa shi mai 64 ne.

Irin wannan kati yana aiki lafiya da farko. Da zarar an wuce ainihin cikinsa, sai sababbin fayiloli su riƙa hawa kan tsofaffi, ko su ɓace. Sunayen hotuna na nan a jere, amma ba sa buɗewa. Sau da yawa ba a ganewa sai bayan watanni, lokacin da aka riga aka goge asalin.

Akwai manhajar kyauta ta kwamfuta mai suna H2testw, wadda ke cika kati da bayanai sannan ta karanto su, domin tabbatar da ainihin girmansa. Ya kamata a yi gwajin tun katin na sabo, kafin a zuba masa komai.

Sai dai ba kowane giɓi ne alamar ha'inci ba. Katin gigabayit 64 na ƙwarai kan nuna kusan 59 a kan Windows, saboda masu ƙerawa da kwamfuta sun sha bamban a yadda suke ƙidaya.

Ba tare da igiya ba

Bluetooth ita ce hanyar da jama'a suka fara sani. Kamfanin Ericsson na ƙasar Suwidin ne ya fara aikin ƙirƙiro ta a 1994, kuma an sa mata sunan wani sarkin Denmak na ƙarni na 10.

Ta wadatar idan hoto ɗaya ne ko biyu. Amma tana da nawa ƙwarai: gigabayit ɗaya kan ɗauki fiye da sa'a guda.

Wannan ne ya sa manhajoji irin su Xender da SHAREit suka mamaye wayoyin jama'a. Suna sa na'ura ɗaya ta buɗe ƙaramar hanyar Wi-Fi tata ta kanta, ɗayar kuma ta shiga. Fayil na wucewa kai tsaye tsakanin na'urorin biyu, ba ya bi ta intanet, kuma saurinsa ya ninka na Bluetooth sau da dama.

Amma waɗannan manhajoji na neman izinin shiga dukkan ma'ajiyar na'ura, kuma suna cike da tallace-tallace. A watan Yunin 2020, gwamnatin Indiya ta haramta su duka biyun, cikin jerin manhajoji 59 masu alaƙa da ƙasar Sin, bisa dalilan da ta ce na tsaro ne.

A yanzu na'urorin Android na zuwa da nasu tsarin. Kamfanin Google ya fito da Nearby Share a 2020, sannan a farkon 2024 aka haɗe shi da na Samsung a ƙarƙashin suna Quick Share. Akwai samfurinsa na kwamfutocin Windows, wanda ke ba da damar tura fayil daga kwamfuta zuwa kwamfutar hannu matuƙar suna kusa da juna.

Ta intanet

Mutane da dama na tura wa kansu hoto ta WhatsApp daga kwamfuta, su buɗe a ɗaya na'urar. Hanya ce mai sauƙi, amma tana da aibi.

WhatsApp na matse hoto domin ya rage nauyinsa. A fuskar waya ba a cika lura ba. Amma idan aka zo wanke hoton da girma, ko mai sayen yadi ya so ya ƙura wa saƙar ido, sai a ga ya dushe.

Mai son hoto ya isa yadda yake, sai ya tura shi a matsayin takarda maimakon hoto. Tun 2022 manhajar ke karɓar fayil har na gigabayit 2 ta wannan hanya.

Akwai kuma rumbunan ajiya na intanet. Google na bai wa kowane mai adireshin Gmail gigabayit 15 kyauta, wanda saƙonninsa da hotunansa da fayilolinsa ke rabawa. Apple da Microsoft na ba da gigabayit 5 kowannensu.

Amfanin rumbun shi ne abin da aka ajiye na nan ko da na'urar ta ɓata. Illarsa kuma ita ce ana kashe data sau biyu, wajen ɗorawa da wajen saukewa. Bugu da ƙari, wanda ya manta kalmar sirrinsa, kuma layin wayar da ya yi rajista da shi ya salwanta, na iya rasa hanyar shiga gaba ɗaya.

Masu iPad

Na'urorin Apple na da nasu tsarin. iPad ba ta da ramin katin memori, kuma ba a zuba mata fayil ta hanyar jawowa a ajiye kamar yadda ake yi wa Android.

A kan Windows, ana buƙatar manhajar kamfanin, wato iTunes ko kuma sabuwar da ake kira Apple Devices. A kan kwamfutar Mac kuwa, tun 2019 manhajar Finder ce ke wannan aiki, ko kuma a yi amfani da AirDrop, wanda aka gina domin na'urorin kamfanin.

Abin lura shi ne, hotunan da aka zuba ta wannan hanya suna ɗaure ne da kwamfutar da aka zubo su. Idan aka haɗa iPad ɗin da wata kwamfutar aka daidaita hotuna, sababbin na iya maye gurbin na farko. Na'urar kan yi gargaɗi kafin hakan, amma da Turanci, kuma ba kowa ke tsayawa ya karanta ba.

Tun daga 2019, iPad na iya karanta filash ta cikin manhajar Files, abin da ya sauƙaƙa lamarin sosai.

Idan fayil ya ƙi buɗewa

Isar fayil daban, buɗewarsa daban.

Hotunan JPG, da sautin MP3, da bidiyon MP4, da littattafan PDF suna buɗewa a kusan kowace na'ura. Amma manhajar da aka rubuta domin Windows ba ta aiki a kan Android ko iPad.

Misali, ɗalibin da ya kwafi Maktaba Shamila daga kwamfutarsa zuwa kwamfutar hannu ba zai ga ta buɗe ba. Sai ya nemi samfurin da aka yi domin na'urar tasa.

Takardar da aka rubuta da Larabci ko ajami a manhajar Word ma kan hargitse idan ɗaya na'urar ba ta da irin haruffan da aka yi amfani da su. Mayar da ita PDF kafin a tura na magance wannan.

Sai kuma batun ƙwayar cutar kwamfuta. Kwamfutar shago na karɓar katuna da filash masu yawa a kowace rana, kuma da dama daga irin waɗannan kwamfutoci na hannu ne, masu tsohuwar manhaja. Kamfanin Microsoft ya daina sabunta kariyar Windows 7 a watan Janairun 2020, ya kuma kawo ƙarshen tallafin da ya saba bai wa Windows 10 a watan Oktoban 2025.

Wata cuta da ta yi ƙaurin suna tana ɓoye jakunkunan da ke cikin filash, ta ajiye gumakan bogi masu kama da su. Mai filash sai ya ɗauka komai ya goge. Galibi fayilolin na nan, ɓoye su aka yi, kuma mai gyara na iya fito da su matuƙar ba a yi gaggawar wanke filash ɗin ba.

Cutar Windows ba ta kama Android. Amma katin na iya ɗaukar ta ya kai wa kwamfutar gida ko ta ofis. Abin da ke cutar da Android kai tsaye shi ne manhajojin da ake turawa hannu da hannu, waɗanda sunansu ke ƙarewa da APK, domin babu wanda ya tantance abin da aka cusa a cikinsu.

Sirri da amana

Igiyar da ke kai fayil ita ce kuma ke ɗebo shi. Da zarar an buɗe makullin na'ura aka ba da izinin tura fayil, wanda ke gaban kwamfutar na iya ganin hotuna da bidiyon da ke ciki, kuma kwafarsu ba ta barin wata alama da mai na'urar zai gani.

Kano ta taɓa ganin abin da irin wannan ke haifarwa. A 2007, wani bidiyon sirri na wata 'yar fim da aka ɗauka da wayar salula ya bazu daga waya zuwa waya ta Bluetooth.

Lamarin ya tayar da ƙura matuƙa. An dakatar da shirya fina-finai na tsawon watanni, kuma gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta naɗa Malam Abubakar Rabo Abdulkarim ya shugabanci Hukumar Tace Fina-finai ta jihar, wadda aka kafa a 2001, inda ya tsaurara dokoki a kan masana'antar baki ɗaya.

A wancan lokaci sai mutum ya matso kusa da wani kafin ya karɓi fayil. A yau, hoto ɗaya na iya kewaye ƙasa cikin sa'a guda.

Ba hotunan iyali kaɗai ke cikin haɗari ba. Mutane na ajiye hoton katin shaidar ɗan ƙasa, da fasfo, da takardun fili, da bayanan banki a na'urorinsu, kuma waɗannan su ne abin da 'yan damfara ke nema.

Goge hoto ma ba ya nufin ya tafi. A kan katin memori, gogewa na cire sunan fayil ne daga jeri, amma bayanansa na nan har sai wani abu ya hau kansu. Akwai manhajojin da ke dawo da su cikin mintuna. Don haka tsohon katin da aka sayar ko aka bayar kyauta na iya tafiya da abin da mai shi ya ɗauka ya share tuntuni.

Ta fuskar doka, Najeriya na da dokar laifukan intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, da kuma dokar kare bayanan jama'a da Shugaba Bola Tinubu ya sanya wa hannu a watan Yunin 2023. Ta fuskar addini kuma, malamai na kafa hujja da Suratul Hujurat wajen haramta binciken sirrin mutane, suna kuma ɗaukar na'urar da aka miƙa wa mai gyara ko mai turawa a matsayin amana.

Sai dai hukunci ba ya dawo da hoton da ya riga ya fita. Matakin da ya fi sauƙi shi ne a je shago da kati ko filash da babu komai a cikinsa, a bar na'urar a gida. Idan kuma dole ne a kai ta, to mai ita ya tsaya a yi aikin a gabansa.

Haƙƙin masu fim

Sauƙin kwafa ya yi wa masana'antar Kannywood illa babba. Lokacin da ake sayar da faifai, kowane kwafi na halal na kai wani abu aljihun mai fim. Fayil kuwa ana iya kwafarsa sau dubu ba tare da ya ragu ba, kuma ba tare da mai shi ya sani ba.

Kasuwar faifai ta durƙushe, masu shirya fim da dama suka koma yin shirye-shirye masu dogon zango. Tashar Arewa24, wadda ta fara aiki a 2014, ta buɗe wannan hanya a talabijin, sannan shirye-shirye irin su Izzar So, da ya fara fita a 2020, suka samu masu kallo a YouTube.

A watan Maris na 2023, Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya hannu a kan sabuwar dokar haƙƙin mallaka, wadda ta haɗa da ayyukan da ake yaɗawa ta hanyoyin zamani.

Masu turawa dai na ganin su ne ke kai fim ga mutanen da ba su da kuɗin data. Masu shirya fim kuma na ganin ana cin guminsu. Wannan taƙaddama ba ta shafi wanda ke kwafar hotunansa ko takardunsa ba, amma ta shafi duk wanda ya biya aka zuba masa aikin wani.

Kwafi ɗaya ba ajiya ba ne

A watan Maris na 2016, gobara ta laƙume dubban shaguna a kasuwar Sabon Gari, wadda a hukumance ake kira kasuwar Muhammadu Abubakar Rimi. A watan Yunin 2025 kuma, a ranar Babbar Sallah, wata gobarar ta tashi a kasuwar waya ta Farm Centre.

Ana iya ƙiyasta kuɗin kayan da suka ƙone. Abin da ke cikin kwamfutoci da wayoyin da aka bari a shago, kamar lissafin bashi da hotunan mamata, ba ya shiga ƙiyasi.

Ko ba gobara, katin memori da filash ba a yi su domin ajiyar shekaru ba. Suna lalacewa ba tare da gargaɗi ba, kuma zafi na ƙara musu saurin lalacewa. Kwamfutar hannu kuwa na iya faɗuwa, ko a sace ta.

Shawarar da masana harkar suka daɗe suna bayarwa ita ce, duk abin da ke da muhimmanci a ajiye shi a wuri uku: a kan na'urar da ake aiki da ita, da wata ma'ajiya ta daban, sannan kwafi na uku a wani wuri da ba gini ɗaya ba, ko a rumbun intanet.

Bisa wannan, wanda ya tura hotuna daga kwamfuta zuwa kwamfutar hannu bai kamata ya goge na kan kwamfutar ba. Kuma kafin a cire igiya, yana da kyau a buɗe kaɗan daga cikin fayilolin, na farko da na tsakiya da na ƙarshe, a tabbatar sun isa lafiya.